Kwanon da Na Bar Miki, Yaya Sueno

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Nuwamba, da hantsi, Tomonaga Sueno ta rasu a gidanta da ke kan gangaren Nakao, a nan Hasami, garin masu yin tangaran, tana da shekara tamanin da shida. 'Yarta Harumi ce ta kira ni a waya, ina tsaka da share ganyen da ya zuba a ƙofar gidana. Ta ce, "Kawu Gen, Mama ta tafi." Na ce mata to. Na ajiye wayar na koma na ƙarasa sharar, domin ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Yaya Sueno, ni ne Hirao Gengo, wanda ba ki taɓa kiran cikakken sunansa ba. Masu buga 'yar jaridar unguwa sun ce ni ya kamata in rubuta wani abu a kanki, tunda ni na fi kowa cin shinkafarki. Ban musa ba, gaskiya suka faɗa. Ni ba marubuci ba ne, direba ne, saboda haka zan tafi a hankali kamar yadda na saba.

Yaran da suka tashi bayanmu ba su san ki ba sai a matsayin tsohuwa mai faɗa da ke zama a bakin taga. Ba su san kin ƙarar da ƙuruciyarki a masana'antar tangaran kina cike zanen kwanoni da shuɗi ba, burushi a hannu daga safe zuwa yamma, har idonki ya haddace hannun masu zane, rayayyunsu da matattunsu. Da kika bar aiki sai mutane suka riƙa hawo gangaren da ƙunshi a hannu. Kwanonin gida biyar-biyar suke zuwa, kuma idan ɗaya ya fashe ba mai son ya zauna da huɗu, lambar da a bakinmu sunanta ɗaya da mutuwa. Kafin a nemo na biyar kuwa sai an san sunan zanen da ke jikinsa, don da sunan ake tambaya wurin dillalan tsohon tangaran na Arita da Imari. Wannan suna shi ake zuwa nema a wurinki.

Ba kya fara duba zane. Kifa kwanon kike yi, ki shafa gindinsa da babban yatsa, ki ƙyasta masa farce ki saurara, sannan ki juyo da shi. Kin sha gaya min cewa zane ma yana da zuriya. Mai zane na farko abin da yake zanawa yake kallo, reshe ne ko tsuntsu, ya ba shi haƙƙinsa. Na biyu kwanon na farko yake kallo. Na uku na biyu yake kallo, ga tulin kwanoni na jiransa kafin rana ta faɗi. Kafin a kai ga jikan jika abin ya koma layi biyu da ɗigo, shi kansa mai zanen bai san me hannunsa ke yi ba. Don haka kike tsintar tsingaro a bakin rafi duk bayan ruwan sama, ki jera su a kan faifan katako, daga mafi lalacewa ki riƙa komawa baya har ki kai ga cikakken zanen. Shi kike kira kaka. Sai kin ga kaka kike furta suna, ko da mai kwano zai tsufa a tsaye.

Na ga ranar da wata mata ta zo daga Sasebo, ta ce shekara da shekaru tana neman faranti mai malam-buɗe-littafi irin na mahaifiyarta, ba dillalin da ya gane abin da take nufi. Kika ɗaga farantin sau ɗaya kika ce, "Jemage ne." Matar ta haɗe rai, ta ce uwarta ba za ta ci abinci a kan jemage ba. Kika ce, "Ta ci kuwa, har ta ƙoshi ta haife ki. Jemage sa'a yake kawowa, 'yar nan, ba ki ga kin yi ƙiba ba?" Ta fita tana ƙunƙuni. Ba a yi wata biyu ba ta dawo da faranti biyar cif da kwalin alewa, kika karɓi alewar kika ce ta yi zaƙi da yawa.

Na kuma ga amaryar da ta shigo a tsorace, da ɗan gutsure a cikin hankici wanda bai fi farce ba, ta fasa farantin surukarta kuma ba ta faɗa ba. Kin gane zanen daga wannan ɗan gutsuren, kin samo mata irinsa. Amma ba ki miƙa mata ba sai da kika sa takalmi kika raka ta gidan, kika zauna a falo kina shan shayi har ta faɗa wa surukar da bakinta. Wannan amarya yanzu ita ma suruka ce. Ita ta fi kowa kuka a jana'izarki.

Nawa labarin ya fi nasu tsawo. Shekara arba'in na yi ina tuƙa 'yar akori-kura, ɗauke da ɗanyun kwanoni jere a kan alluna, daga gidajen masu zuba yumɓu zuwa tanderu. Tafiyata 'yan makaranta masu keke ma wuce ni suke yi suna dariya. Amma ban taɓa fasa ko ɗaya ba, kuma duk wanda ya zauna da ni ya ji wannan magana fiye da sau ɗaya. Ke kin ce da a ce ana ba da lambar yabo ta tsoro, da ni za a fara ba.

Matata Kinue ta zo gidana da kwanonin shinkafa biyar na gidan kakarta, masu kauri, farinsu ya ɗan ja toka. A jikin kowanne akwai layi ɗaya lanƙwasasshe, da wasu 'yan zane biyu a ƙarƙashinsa. Kinue ta ce tsuntsu ne. Yaranmu biyu suka ce gashin bakin Baba ne. A cikinsu muka ci abinci, mu da yaran da mahaifiyata, har mahaifiyata ta rasu, yaran suka girma suka tafi, ɗaya Nagoya, ɗaya Chiba. A ciwonta na ƙarshe hannun Kinue ya soma rawa, amma ta ƙi bar min wanke-wanke. Wata safiya ɗaya ya suɓuce mata, ya bugi bakin wurin wanki ya rabe biyu. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Saura huɗu, Baban yara." Ta yi 'yar dariya, ni ban yi ba. Ta ce in nemo na biyar, na ce zan nemo. Ba ta ga ƙarshen watan ba.

Bayan an gama zaman makoki, gidan ya rage daga ni sai kwanoni huɗu a kan kanta. Ba na son in kalle su, ba na kuma iya daina kallonsu. Shi ya sa na ƙunshe su na hawo gangaren, ranar wata Alhamis, yau shekara goma sha wani abu. Kika kifa ɗaya, kika shafa, kika juyo da shi, kika daɗe kina duban layin fiye da yadda kika saba.

"Na Kinue ne?"

"Nata ne, Yaya."

"Yaushe rabonka da abinci mai zafi?"

Na ce ba abinci ya kawo ni ba. Kika ce, "Na gani ai, wuyanka ya gaya min. Zauna."

Duk ɗan Hasami ya san sunan irin wannan kwano mai kauri, kurawanka, ya kuma san daga ihun masu sayar da abinci a kwale-kwale aka samo shi, waɗanda a da suke tare matafiya a kogi can wajen Osaka suna daka musu tsawa, ba za ka ci ba? Amma ke kaɗai na sani da take amfani da kalmar yadda masu ita suka yi, da tsawar da komai. Kika dire min shinkafa da miyar miso ta waken soya da busasshen kifi, kika tsaya a kaina kika ce, "Kurawanka!" Na ci ina jin kunya, na kuma cinye. Da zan tafi kika ware ɗaya daga cikin huɗun kika ɗora a kan kantar bakin taga. "Bar min wannan in duba. Ka dawo Alhamis." Na koma gida da uku.

Na dawo Alhamis, da wadda ta biyo ta, da duk waɗanda suka biyo. Gaisuwarmu ba ta taɓa canjawa ba. Ina cire takalmi zan ce, "An samu?" Ke kuma ki ce, "Ban ga kakarsa ba tukuna. Zauna. Ba za ka ci ba?" Kwanona yana nan a bakin taga, a wanke tas, in kalle shi in zauna. Ki ba ni labarin wanda ya mutu da wanda ya kamata a ce ya mutu, ki zagi sabbin kofuna masu launin alewa da matasa ke yi yanzu, ni kuma in gyara miki ƙofar da ke maƙalewa. Ba zan ɓoye ba, sauran kwanakin mako ba ni da abokin magana sai rediyo. Yarana suna kira a sabuwar shekara, yara ne nagari, aiki ne ya yi musu yawa. Akwai makon da in ban da ke, ba wanda ya ji muryata.

Sau ɗaya raina ya ɓaci. Na tuna alkawarin da na yi wa Kinue, na ga shekaru suna wucewa. Na ce, "Haba Yaya, jemage kin gane shi da kallo ɗaya, wannan ɗan layin ne ya gagare ki? Ko dai ki ba ni kwanona in kai wa wani a Arita?"

Ba ki ko ɗago ba. Kika ce, "Ga shi can, ai ban ɗaure shi ba. Ɗauka ka kai gida su cika huɗu, ka zauna ka yi ta kallonsu."

Na tsaya a gaban kantar, hannuna ya ƙi miƙuwa. Kika ce shinkafa tana hucewa. Ban sake tayar da maganar Arita ba.

Da sanyin bana ya shigo kika kwanta, Harumi ta baro Fukuoka ta dawo jinyarki. Alhamis ɗin ƙarshe na same ki a shimfiɗa, kin rame, muryarki ta koma ciki. Na zauna a gefenki. Kika buɗe ido kika ce, "Kai Gen, yau ba ka tambaya ba." Na ce, "An samu?" Kika ce, "Tukuna." Sannan kika juya wajen Harumi kika ce ta zuba wa mutumin nan abinci kafin iska ta ɗauke shi.

Kin rasu Talata, aka sa jana'iza Juma'a. Ranar Alhamis ƙafafuna suka kawo ni a lokacin da suka saba, tun kafin masu zaman makoki su taru. Na cire takalmi, tambayar ta zo har bakina, na haɗiye ta. Harumi ta ce in zo in ga wani abu a ɗakin aikinki, ba ta san ko na zubarwa ba ne. Ta jawo wani faifan katako daga ƙarƙashin teburi, can ciki. Ƙura ta yi masa kauri, takardar da kika shimfiɗa a kansa ta yi ja don daɗewa.

Jerin tsingaro ne, irin naki. A farkon jerin ga kaka, cikakkiya: garken agwagin daji suna saukowa a kan dogayen ciyayin bakin ruwa, kowace da fukafukanta da wuyanta. A na biyu garken ya ragu. A na gaba saura uku, ciyayin sun zama 'yan layuka. Sai biyu. Sai ɗaya, ita ma fukafukanta sun haɗe da jikinta. A ƙarshen jerin kin bar gurbi daidai faɗin gindin kwano. Ba sai an gaya min na wane kwano ba ne.

Ashe kin gani, Yaya, kin gani tun da daɗewa. Da kin furta sunan, agwagin daji a kan ciyawar ruwa, wataƙila waya ɗaya ta isa a samo min na biyar. Na ji haushi, ba zan ce ban ji ba, har sai da na zauna a ƙasa. Amma ina zaune na yi lissafin da ke kika yi tun ranar farko. Da kin faɗa min, da na cika alkawarin Kinue, na yi miki godiya da kwalin alewa, na koma gida na jera kwano biyar a gaban mutum ɗaya, ban kuma sake hawo gangaren ba. Kin san haka. Ina jin ni ma na sani, shi ya sa hannuna ya ƙi miƙuwa a wancan karon.

Da zan fita na dubi kantar bakin taga, kwanon ba ya nan. Kunya ta hana ni tambayar 'yar da uwarta ke kwance a ɗaki. Na sauko gangaren da damuwa ɗaya. Kwanon Kinue ne, ba zan bar shi a kwashe shi da tarkace ba. In kuma na karɓe shi na kai gida, sun koma huɗu, kuma yanzu ba inda zan gudu ranar Alhamis.

Ranar Juma'a daga gida aka fito da ke, kamar yadda ake yi a da. Da aka kai akwatin bakin mota, Harumi ta ce a dakata, za a fasa kwanon shinkafar mamaciya a ƙofar gida. Matashin malamin haikali da ya zo yin addu'a ya ce mata a hankali wannan ba ya cikin koyarwarmu, al'adar tsofaffi ce kawai. Ta ce, "Na sani, Malam. Mama ce ta ce, kai ma ka san ta." Ya ja gefe. Tsofaffinmu suna yin haka ne don wanda ya tafi ya san ba sauran abincinsa a gidan, ya kama hanya kada ya waiwayo.

Harumi ta shiga gida ta fito da kwano, sai na ga layin nan lanƙwasasshe a tsakanin yatsunta. Ban san lokacin da na matsa gaba ba.

"Harumi, wannan ai nawa ne."

"Na sani, Kawu." Idonta ya cika. "A cikinsa take cin abinci kullum, tun ranar da ka bar shi. Ban da Alhamis. Ranar Alhamis sai ta wanke shi ta mayar bakin taga kafin ka iso." Ta goge fuska da bayan hannu. "Ta ce wannan za a fasa, ba wani ba. Ta ce in ka yi magana in ce maka ka ƙirga na gidanka."

Ban buƙaci ƙirgawa ba. Na ja da baya na sunkuyar da kai.

Harumi ta sake shi a kan dutsen ƙofa. Ya yi tsalle, ya mirgina, ya zauna daram a kan gindinsa, ko tsagewa bai yi ba. Irin kwanon nan dama don hannun 'yan kwale-kwale aka yi shi. Wani tsoho a baya ya ce, "Taurin kai har kwanonta." Wasu suka toshe baki, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Harumi ta ɗauko shi, ta ce ba za ta iya sau biyu ba. Ta dubi jama'a, sannan ta miƙo min.

Na riƙe shi da hannu biyu. Bakinsa ya ɗan goge a gefe ɗaya, inda leɓenki ke sauka. Kinue ta ci a ciki, mahaifiyata ta ci, yarana sun ci, ke ma kin ci ke kaɗai kwana shida a mako, ni ina can ƙasan gangare ina ci ni kaɗai, ban taɓa tambayar kaina yadda taki Larabar take ba. Ni da na yi shekara arba'in ban fasa ko ɗaya ba, na ɗaga shi sama da kaina na buga da ƙarfina duka. Ƙarar ta cika layin. Direba ya danna hon, motar ta sauka gangaren da ke. Ban ɗauki ko gutsure ɗaya ba.

Yanzu uku ne a kan kantata, kuma duka ukun ne nawa, ba wanda ke jiran dawowa. Na san sunan zanen, amma ko yau dillalin Arita ya kira ya ce ya samo min ɗaya, ba zan karɓa ba, don da shi za su koma huɗu. Kin rufe maganar ta yadda ba zan iya buɗe ta ba. Na durƙusa a gaban hoton Kinue na gaya mata ban cika alkawari ba, kuma ba zan cika ba. Na daɗe ban ji sauƙi a ƙirjina irin na ranar ba, na kuma daɗe ban ji gidan ya yi min faɗi haka ba. Ina kewarki, Yaya, ina kewar tsawarki.

Ga Harumi da mijinta da 'ya'yansu, ga 'yan'uwan gidan Tomonaga na nan da na nesa, ga tsofaffin abokan aikinta da suka rage, ina miƙa ta'aziyyata. Ku yi haƙuri, ku riƙe juna, ku riƙa kiran juna ba sai sabuwar shekara ba. Harumi, faifan nan kada ki zubar, ki bar min shi da gurbinsa.

Ke kuma Yaya Sueno, Amida mai jinƙai, wanda muka kira sunansa a kan gawarki, ya karɓe ki da hannu biyu. Ya yafe miki kurakuranki, har da ƙaryar da kika yi min duk mako, ya haskaka miki hanya, ya sauke ki inda ba sanyi ba kaɗaici. Kada ki waiwayo saboda ni. Gobe Alhamis, na riga na wanke shinkafa, zan dafa kuma zan ci. In kin isa kin tarar da Kinue, ki gaya mata ita ta yi gaskiya, tsuntsu ne. Sannan ki dube ta da kyau, ta tafi a rame, ki daka mata tsawar nan taki.